Daga Kwanan Ayari Zuwa Shekarar Haske: Yadda Ake Juya Ma'aunan Nisan Samaniya

Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, ta daɗe tana kan hanyar ayarin da ke kai da komo tsakanin Kano da Agadas, a Damargun ne Abzinawa ke lodin gero su yi arewa da shi, kuma ta nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa a watan Janairun 1851. Madugan wancan zamani da kwana suke auna hanya, wato nisan da raƙumi mai kaya zai ci daga zango zuwa zango, kuma wannan dabara ta auna nisa da lokaci ita ce masana taurari suka ɗauka, sai dai sun zaɓi matafiyin da saurinsa ba ya sauyawa, wato haske.

Haske na cin kilomita 299,792 a daƙiƙa guda, don haka tazarar kusan kilomita 150 da ke tsakanin Tanut da birnin Damagaram ba za ta ɗauke shi ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Idan aka ninka wannan gudu da daƙiƙoƙin da ke cikin shekara, waɗanda yawansu ya kai 31,557,600, sai a sami abin da ake kira shekarar haske, kimanin kilomita tiriliyan 9.46. A nan ɗalibin Nijar na buƙatar lura, domin adadin da littattafan Ingilishi ke kira tiriliyan shi ne na Faransanci ke kira biliyan, kuma wanda ya rikita biliyan na Faransanci da biliyan na Ingilishi zai kuskure da ninki dubu.

A tsakanin duniyoyin da ke kewaya rana shekarar haske ta yi girma ainun, shi ya sa ake aiki da ma'aunin falaki, wato matsakaicin nisan duniya daga rana, wanda Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tsayar a 2012 a kan kilomita 149,597,870.7. Haske na ratsa shi cikin minti 8 da daƙiƙa kusan 20, kuma akwai irinsa kimanin 63,241 a shekarar haske guda.

Ma'auni na uku, fasek, shi ne mafi wuyar ganewa, amma shi masana suka fi so, domin daga ainihin aikin awo ya samo asali. Idan aka dubi tauraro na kusa a yau, sannan aka sake dubansa bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, za a ga kamar ya ɗan gusa a gaban taurarin da ke can nesa, kuma gwargwadon ƙanƙantar gushin, gwargwadon nisansa. Da wannan hanya Friedrich Bessel ya auna nisan tauraron 61 Cygni a 1838. Fasek guda shi ne nisan da, idan aka hango tazarar rana da duniya daga can, za ta cika kusurwa ta kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri kacal, kuma ya yi daidai da ma'aunin falaki 206,265 ko shekarar haske 3.26.

Sauran aikin ninkawa ne da rabawa. Taurarin da Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta suna nisan fasek kusan 136, wanda idan aka ninka da 3.26 zai ba da shekarar haske wajen 443, idan kuma aka ninka da 206,265 zai ba da ma'aunin falaki miliyan 28. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, yana nisan shekarar haske 4.24, kuma raba wannan da 3.26 ne ke mayar da shi fasek 1.3.