SABUWAR ƘUNGIYAR MANOMA: SHIRI KAFIN A FARA CINIKI

Jama'a manoma, takardar rajista ta iso, an buga hatimi, kowa yana murna. To amma fa takarda ba ta sayen taki, ba ta sayar da masara. Sau da yawa ƙungiya takan watse tun a daminar farko saboda an fara ciniki ba a shirya ba. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Ga abubuwa biyar da za ku gama da rani, kafin ruwan shuka ya sauka.

1. TARON FARKO

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta 1993 ta ce sai da mutum 10 ko fiye ake yi wa ƙungiya rajista. Ku kira su duka, a karanta dokokin ƙungiya da babbar murya don wanda bai yi karatu ba ya ji da kunnensa. Sa'an nan ku zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Ku duba riƙon amana, kada ku duba girman riga. Kada magatakarda da ma'aji su fito daga gida ɗaya.

2. KUƊI

Ku yanke kuɗin shiga da abin da kowa zai zuba na jari, ku sa ranar ƙarshe ta biya. Ku buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. Ku tafi da takardar rajista da dokokin ƙungiya da lambar BVN ta masu sa hannu. Kada a fitar da ko sisin kwabo sai mutum biyu sun sa hannu. Kuɗin jama'a ba ya kwana a aljihu.

3. LITTATTAFAI

Ku sayi littattafai huɗu: na sunayen membobi, na shiga da fitar kuɗi, na kayan sito, da na abin da aka zartar a taro. Duk wanda ya biya a ba shi rasidi nan take, ko da ƙanin ma'aji ne. Ƙarshen kowane wata a karanta lissafi a gaban kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4. SITO DA SIKELI

Ku duba rufin sito, ku toshe ramukan ɓera, ku share tsohon hatsi domin a nan ƙwari ke ɓuya. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Taki, musamman yuriya, yana jan laima ya daskare. Kada a haɗa taki ko maganin feshi da hatsi a ɗaki ɗaya. Kada ku karɓi hatsin da bai bushe sarai ba: a ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara, ta bushe. Wake kuwa a zuba shi a buhu mai ninki uku, a ɗaure kowane ninki daban. Ku sayi sikeli, domin tiyar wani ta fi ta wani, kuma nan ne rigima ke tasowa. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, makullan a hannun mutum biyu.

5. DA WACE SANA'A ZA A FARA?

Ku fara da abu ɗaya. Sayen taki a haɗe ya fi sauƙi. Misali, in ku 20 ne, kowa yana son buhu 3 mai kilo 50, buhu 60 ke nan, wato tan 3. Ku haɗa kuɗin mota da na 'yan dako a kan farashi kafin ku faɗa wa membobi kuɗin buhu, in ba haka ba jari zai cinye kansa. Takin da ya iso bayan masara ta yi goyo ya makara, saboda haka ku biya da wuri. A shekarar farko ku guji ba da bashi, ku kuma guji cin bashin da ba ku san inda za ku biya ba.

IN RIBA TA SAMU

Dokar ta ce a ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na riba a asusun ko-ta-kwana: a kowace Naira 100, a ware 25. Sauran sai taro ya yanke yadda za a raba.

In kuwa kamfani kuka yi wa rajista a hukumar CAC, shirin duk ɗaya ne, sai dai kowace shekara ku kai wa hukumar bayanin kamfani.

Don ƙarin bayani sai ku tuntuɓi malamin gona ko jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukumarku. Allah Ya ba mu damina mai albarka.