Shin Ko Kun San? Yadda Amurka ke Sauya Tsofaffin Jiragen Ƙasanta

A wannan karon mun leƙa Amtrak, kamfanin jiragen ƙasa na fasinja a Amurka, wanda ke fafutukar sauya kawunan jiragensa da taragansa da suka kwana biyu.

Shin ko kun san Amtrak da kayan gado ya fara? Ranar 1 ga Mayu, 1971 ya soma aiki, da tsofaffin taragan da ya karɓa daga kamfanoni masu zaman kansu da harkar fasinja ta daina yi musu riba.

Shin ko kun san wasu taragan da ke jigilar mutane tsakanin Washington da Boston sun kai shekara 50? Kamfanin Budd ne ya ƙera taragan Amfleet guda 492 daga 1975 zuwa 1977. Kamfanin ya daina ƙera tarago tun 1987, amma kayansa na nan suna aiki, domin da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi su.

Shin ko kun san ƙannensu sun riga su gajiya? A watan Maris na 2025 Amtrak ya janye taragan Horizon guda 70 a lokaci ɗaya, bayan an gano tsatsa ta ci jikinsu, alhali a ƙarshen shekarun 1980 aka ƙera su. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Shin ko kun san kan jirgi ma yana tsufa? Kawunan P42 masu amfani da dizal, ƙirar General Electric daga 1996 zuwa 2001, su ne suka daɗe suna jan jiragen dogon zango. A 2018 Amtrak ya yi odar sababbi 75 samfurin Charger daga Siemens, daga baya ya ƙara 50. A birnin Sacramento na jihar Kalifoniya ake haɗa su. Sun fara aiki a 2022, kuma hayaƙin da suke fitarwa bai kama ƙafar na tsofaffin ba.

Shin ko kun san wasu daga cikin sababbin jiragen da Amtrak ya yi oda, masu suna Airo, za su yi aiki da dizal da lantarki duka? A yanzu, jirgin da ya taso daga New York zai nufi kudu sai ya tsaya a Washington an cire kan lantarki an ɗaura na dizal, domin a nan wayoyin saman layin dogo suka ƙare. Sababbin za su sauya da kansu ba tare da wannan ɓata lokaci ba. A 2021 aka sanar da shirin, wanda zai ci dala biliyan 7.3, kuma adadin jiragen ya kai 83.

Shin ko kun san sabon jirgi kan yi shekara da shekaru kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya? A 2016 aka bai wa kamfanin Alstom na Faransa kwangilar sababbin jiragen Acela guda 28, da niyyar su fara aiki a 2021. Sai ranar 28 ga Agusta, 2025 suka soma. Babban abin da ya ja jinkirin shi ne gwajin tabbatar da cewa za su zauna lafiya a kan tsohon layi mai yawan lanƙwasa da tsofaffin wayoyi.

Shin ko kun san suna iya gudun kusan kilomita 257 a awa ɗaya, amma a 'yan wurare kaɗan ne layin ke ba su damar yin hakan? Ramin da suke bi a ƙarƙashin kogin Hudson tun 1910 aka buɗe shi, na Baltimore kuwa tun 1873.

Sayen sabon jirgi rabin aiki ne. Muddin ba a gyara layin dogo da gadoji da ramuka ba, da gudun tsoho sabon zai tafi.