RUWAN TABKI: WANE MATACI ZA KA SA A GIDANKA?

Ƴan'uwa manoma na Magarya da Dungas, damina ta kama. Tabkunan Korama sun cika, gona nesa da pampo, mai noma kuwa sai ya sha. Ruwan da shanu suka shiga, shi ne yara ke ɗauka a bido. A 2021 amai da gudawa ya shiga jihohin Damagaram da Maraɗi, ya kashe mutane. Ciwon nan ruwa yake bi. Manomin da zawo ya kayar lokacin noman fari, ciyawa ce za ta ci gonarsa.

Ga hanyoyi 3. Duba wadda ta dace da gidanka.

1. ƘYALLE

Shi ne mafi araha. Ka ninka ƙyallen auduga mai tsabta sau 4, ka ɗaure bakin randa. Yana tare ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu. Tace ruwa na cikin abin da ya kori kurkunu, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar. A Bangaladash, binciken da aka buga a 2003 ya nuna ninkakken ƙyalle ya rage amai da gudawa kusan rabi.

Kulawa: a wanke shi bayan kowane aiki, a shanya a rana. In ya huje, a sake wani.

2. TANON RAIRAYI

Ana zuba tsakuwa a gindin tano, a bi ta da wankakken rairayi mai laushi kamar santimita 50. Tiyo yana fitowa daga ƙasa ya hau sama. Ya fi ƙyalle tace laka, yana kuma rage ƙwayoyin cuta sosai. Amma sai ya yi kamar kwana 30 yana aiki kafin ya kai ƙarfinsa.

Kulawa: kada rairayin ya bushe, ruwa ya rufe shi da santimita 5. A zuba ruwa kullum. In ya rage gudu, ka dama saman rairayin da hannu, ka kwashe ruwan lakar. Kada ka zuba jabel a ciki.

3. ƳAƳAN ZOGALE

Ga shi a garakenmu. Ka ɓare busasshen ɗa 1 ga kowace lita, ka daka, ka dama cikin ruwan. Bayan awa 1 laka ta kwanta. Ka tsiyaye ta cikin ƙyalle, a sha ran nan.

ABIN DA BA A MANTAWA

Ruwa ya yi fari ba shi ne ya yi lafiya ba. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke kashe ƙwayoyin cuta duka. Bayan tacewa ka tafasa, ko ka jefa ƙwayar Aquatabs 1, irin ta bidon lita 20, ka jira minti 30. A rufe randa, a ware moɗa guda, kada kowa ya tsoma hannu.

Kai da ka iya karatu, ka karanta wa uwargida da maƙwabta wannan shafi. Mai son ganin yadda ake haɗa tano ya nemi malamin gona ranar kasuwa.