'Yar Fitilar Bakin Fiffike

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Mushin ya san ƙugin jirgin sama. Filin jirgi na Ikeja, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala Muhammed a 1976, ba shi da nisa da unguwannin nan, don haka da dare ana ganin jirage suna wucewa da fitilunsu. Yaran mutanenmu na Zangon Agege da Idi-Araba da wannan kallo suka tashi. A gida Arewa da kara da totuwa yaro ke ƙera jirginsa, amma a Ikko gwangwanin madara da katako da roba su ne kayan aiki.

Gangar jiki da fiffike ba su cika ba mai haƙuri wuya ba. Inda ake gane gwani shi ne wajen fitila. Galibi sai a ɗiga jan fenti a bakin fiffike a ce an gama, alhali kuwa fitilar jirgi tana cikin murfi ne mai haske kamar ruwan ido. Mai saye ko bai san dalili ba, da ya duba zai ga abin bai yi kama da na gaske ba, sai ya taya da kuɗin kayan wasan yara.

Su fitilun nan doka gare su a duniya duka. Ja tana fiffiken hagu, koriya tana na dama, fara kuma tana can baya wajen wutsiya. Da su ne matuƙi ke gane inda wani jirgi ya dosa cikin duhu. Saboda haka wanda ya sa ja a dama ya yi babban kuskure, kome kyan aikinsa.

Sai kuma batun awo. Masu wannan sana'a a ƙasashen Turai suna yawan bin ma'aunin ɗaya bisa 144, watau inci ɗaya a madadin ƙafa 12. Jirgin Boeing 707, irin wanda kamfanin Nigeria Airways ya yi aiki da shi kafin ya durƙushe a 2003, tsawonsa wajen ƙafa 153 ne. Ke nan ƙaraminsa bai cika inci 13 ba, fitilarsa kuwa ba ta wuce ƙwayar gero ba.

To, ina za a sami gilashi ƙanƙane haka? Ba sai an aika Ingila ba. Kasuwar Ladipo ta kayan gyaran mota a nan Mushin take, kuma fasasshiyar danjar mota ba ta da wata daraja wurin mai ita. Robar danja tana da tauri, tana kuma ɗaukar gugar ƙyalli sosai. Daga gare ta ake samun ja, daga murfin fitilar gaba kuma a sami fari garau. Kore shi ne mai wuyar samu, amma mariƙin tsohon buroshin haƙori irin mai haske yana biyan bukata.

Ga yadda ake yi. Sai a yanke ɗan gurbi a bakin fiffike da reza. A yanko gutsuren roba wanda ya ɗan fi gurbin girma, a goge gefen da zai zauna ciki har ya yi sumul. Idan farar roba ce, a murza bakin allura a gefen nan a yi ɗan rami, a ɗiga fenti ja ko kore ciki, sai ya fito kamar ƙwan fitila. Daga nan a manna, a bari ya kwana. Kashegari a bi da magagari har ya daidaita da fiffike, a bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi tare da ruwa. A ƙarshe a goge da makilin a tsumma, sai ya yi ƙal.

Akwai tarko guda. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, da ake kira sufa gulu, tururinsa yana barin farin hazo a jikin roba mai haske, ya ɓata aikin yini biyu. Farin gam na kafintoci ko Araldite ya fi. Fitilar sauka kuwa, wadda ke haska hanya, ana sa mata takardar azurfa ta kwalin sigari a baya, ko ɗan dutsen ado irin wanda teloli ke liƙa wa kayan mata.

Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan wasan banza ne, har a fasa wa yaro jirginsa. Ya kamata a sake tunani. Yaron da ya iya raba 153 da 12, ya kuma zauna awa uku yana gugar abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya riga ya mallaki lissafi da haƙuri, su ne kuwa jarin makaniken jirgi. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, kuma 'ya'yan mutane ne ke shigarta. A bar yaro da jirginsa, amma a tsare shi ga karatu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.