Me Ya Sa Keken Hawa Dutse Yake da Tsada Haka?

Manomin Gummi ko Bukkuyum da ya saba da keken Phoenix zai riƙe baki idan ya ji akwai keken da kuɗinsa ya haura dala 10,000, kuɗin baburan Boxer da dama.

Tsadar daga gangar jikinsa take farawa. Zaren kabon ake jerawa falle-falle da hannu, galibi a Taiwan da Sin, a gasa shi cikin mazubi, kuma kowane girma da nasa mazubin. Ga giya da birki na kamfanin Shimano ko SRAM, ga shakazoba gaba da baya. Kaɗan ake ƙerawa, sai kuɗin bincike ya faɗa kan masu saye ƙalilan.

Abin takaici, faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara nisanta shi da hanyoyin ƙauyukan Anka masu kwazazzabai, inda ya fi amfani.