Muhimmancin Lura da Muhallin Magana Wajen Fassara Wa'azi da Littattafan Magabata: Misalai Daga Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa ba a fahimtar wa'azi ko littafin da wani malami na dā ya bari sai an san muhallin da aka yi maganar. Abin da ake nufi da muhalli a nan shi ne abubuwa huɗu: mai magana, da waɗanda aka yi dominsu, da lokacin da aka yi ta, da kuma dalilin da ya jawo ta. An zaɓi ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, domin tana kusa da Gwandu da Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan hijira, kuma har yanzu ana karanta littattafan masu jihadi a zaurukan malamanta.

2.0 Asalin Ƙa'idar a Wurin Malamai

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ilmin Musulunci. Malaman tafsiri sun keɓe fanni guda don sanin dalilan saukar ayoyi, kuma Alwahidi, wanda ya rasu a 1076, da Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, duk sun yi littattafai a kansa. Alal misali, Urwatu ɗan Zubairu ya ɗauka daga lafazin aya ta 158 ta Suratul Baƙara cewa babu laifi ga wanda ya bar sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Nana A'isha ta gyara masa, ta nuna cewa ayar ta sauka ne don wasu mutanen Madina da suke ƙyamar sa'ayin saboda al'adarsu ta jahiliyya.

Haka nan a hadisi. An taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, sa'an nan aka halatta, aka kuma bayyana cewa hanin ya zo ne saboda mabukatan da suka shigo Madina a wannan shekara. A fiƙihun Malikiyya kuwa, Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya yi gargaɗi cewa hukuncin da aka gina bisa al'ada yana sākewa idan al'adar ta sāke, don haka wajibi ne mai fatawa ya tambayi al'adar garin mai tambaya.

3.0 Matakan Rubuce-rubucen Shehu

Wanda ya jera littattafan Shehu bisa shekarunsu zai ga sun bi matakai uku. A mataki na farko, tun daga fara wa'azinsa wajen 1774, ya yi yawo a Kabi da Zamfara yana karantar da tauhidi da ibada, kuma Ihya'us Sunna na wannan zamani ne. A mataki na biyu, da zama ya yi tsami tsakanin jama'a da sarakunan Gobir, sai maganar hijira da yaƙi ta fito a Masa'ilu Muhimma (1803) da Bayanu Wujubil Hijira (1806). A mataki na uku, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, ya juya ga matsalolin jama'arsa da ta riga ta sami mulki.

A wannan mataki na ƙarshe ne saɓani ya bayyana tsakaninsa da ƙanensa Abdullahin Gwandu a kan kiɗan tambura da sunayen sarauta da tufafin ado. Abdullahi ya tsananta a Diya'us Sulɗan, Shehu kuwa ya sassauta a Najmul Ikhwan, ya kuma hana ɗalibai inkarin abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Ashe ke nan mai ɗauko jimla ɗaya daga littafin 1806 ya ce ita ce ƙarshen maganar Shehu ya bar kusan shekara goma na rubutunsa a baya.

Waƙar Tabbat Haƙiƙa ma tana bukatar irin wannan lura. Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa daga baya. Gargaɗin da ke cikinta game da zalunci da cin dukiyar talakawa ya fuskanci masu riƙe da al'amuran jama'a ne a cikin daular Musulunci kanta. Mai wa'azin da ya jingina ta ga sarakunan Haɓe kaɗai ya kawar da ita daga kan waɗanda aka nufa da ita.

4.0 Tambuwal a Matsayin Ribaɗi

Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna Tambuwal, ya riƙe ta a matsayin ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, a fuskar Kabawa. Rikici tsakanin Kabi da daular Sakkwato da Gwandu ya daɗe, ya sāke tashi a 1849 a ƙarƙashin Yakubu Nabame, bai kuma lafa sosai ba sai da Turawa suka zo. Saboda haka duk wa'azin da ya fito daga wannan yanki a ƙarni na 19, mai kwaɗaitarwa ga tsaro da faɗakarwa game da abokan gaba, yana magana ne da mutanen da ke zaune a bakin daga.

Yau jikokin ɓangarorin biyu Musulmi ne maƙwabta, suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Idan liman a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kebbe ya karanta irin wannan matani ya fassara shi da Hausa ba tare da bayanin zamaninsa ba, mai sauraro zai nemi wanda zai ɗora wa sunan abokin gaba a cikin waɗanda ke raye. Irin wannan ya shafi tsofaffin huɗubobin Larabci, kamar na Ibnu Nubata, mai huɗuba a Halab a ƙarni na 10, wanda da yawan huɗubobinsa na kwaɗaitar da rundunar Saifud Daula ne a yaƙinta da Rumawa. Muddin huɗuba tana cikin Larabci, malamai kaɗai ke jin ta. Da fassarar huɗuba da Hausa ta yawaita, aka kuma sami rediyo da kaset, sa'an nan wayar hannu, sai nauyin bayani ya ƙaru a kan mai fassara.

5.0 Darasin Shekarar 1903

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, malamai sun koma ga littattafai iri ɗaya, amma suka rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ga hijira ta wajaba, ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari kuwa ya zauna, ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa, cewa jama'a ba ta da ƙarfin yaƙi ko wurin gudu, kuma Turawa ba su hana salla da sauran ibadu ba, ga tsoron kada ƙasa ta zauna babu malamai. Kowane ɓangare ya yarda da nassi, abin da suka saɓa a kai shi ne ko halin 1903 daidai yake da na 1804.

6.0 Iyakar Ƙa'idar

Kada a ɗauka cewa sanin muhalli hanya ce ta soke hukunci. Mafi yawan malaman usulu sun tafi a kan cewa lafazi mai gamewa yana aiki ko bayan dalilin da ya jawo shi ya wuce. Tauhidi da salla da haramcin zalunci ba su sākewa da zamani. Abin da muhalli ke taɓawa shi ne fatawar da aka gina bisa al'ada, da hukuncin da aka yanke wa wasu mutane ayyanannu, musamman kafirtawa. Shehu da kansa ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, ya ƙi kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, alhali yana girmama shi matuƙa.

7.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawara uku. Na farko, kwalejojin ilmi su riƙa koyar da littattafan masu jihadi bisa jerin shekarunsu, tare da tarihin ƙasar, maimakon a ɗauki kowanne shi kaɗai. Na biyu, duk fassarar Hausa da za a buga ta zo da gabatarwa mai faɗin shekarar wallafa da dalilinta. Na uku, a tattara rubutattun huɗubobi da wasiƙun da ke hannun gidajen malamai a Tambuwal da Kebbe, a rubuta sunan mai kwafi da ranar kwafi inda aka samu, tun kafin gara da damina su ci su. Allah ya sa mu dace.