Daga Sarkin Yamma zuwa Abidjan: wa ke gadin kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa gida?

Idan ɗan Sarkin Yamma da ke neman kuɗi a Agadas, Legas ko Libiya ya turo jika hamsin gida, da wuya mai karɓa ya taka ƙofar banki. Ko dai kuɗin su faɗo a wayar salula, ko a hau babur zuwa birnin Maraɗi, wanda ke maƙwabtaka da wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Madarunfa, a karɓa a shagon Nita, Al Izza ko Amana. Shi ya sa mutane da dama ke ɗaukar labarin bankuna a matsayin zancen manyan ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

Amma igiyar ba a shagon ta tsaya ba. Dokar babban bankin ƙasashen yammacin Afirka, BCEAO, ta wajabta wa duk kamfanin da ke ba da kuɗin waya ya ajiye kwatankwacinsu a asusu na musamman. Kamfanonin aika kuɗi ma da bankuna suke aiki. Su kuma bankunan, kaso mai yawa na abin da ke hannunsu suna ranta wa gwamnatoci ne ta hanyar sayen takardun bashi. Ke nan jika hamsin ɗin nan tana rataye da lafiyar banki, lafiyar banki kuma tana rataye da aljihun gwamnati.

Mai gadin wannan igiya yana Abidjan. Ita ce hukumar sa ido kan bankuna ta ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, wadda gwamnan BCEAO, Jean-Claude Kassi Brou, ke shugabanta. An kafa ta a 1990, bayan guguwar da ta kayar da bankuna da dama a yankin. Nijar ta ɗanɗana kuɗarta a lokacin: bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe saboda basussukan da ba a biya ba, a kan kufansa aka gina Sonibank.

Abin da hukumar ta fi mayar da hankali a kai shi ne jari. A watan Disamban 2023 majalisar ministocin ƙungiyar ta ninka mafi ƙarancin jarin da ake buƙata banki ya mallaka, daga sefa biliyan 10 zuwa biliyan 20, tare da bai wa bankunan da ke aiki shekara uku su cika. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce dukiyar banki ta kansa kada ta gaza kashi 11.5 cikin ɗari na kasadar da ya ɗauka. Manufar a fili take: in bashi ya maƙale, masu banki su fara yin asara kafin mai ajiya.

Sai dai abin da ya girgiza Nijar a 2023 bai shigo ta wannan ƙofa ba. Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi. Aka daskarar da kuɗaɗen gwamnati da ke babban banki, aka soke wani bashin biliyan 30 da ƙasar ke shirin karɓa a kasuwar yankin, BCEAO ya sanar da rufe rassansa na ƙasar, waɗanda ke Yamai, Maraɗi da Damagaram. Cikin ƴan kwanaki layuka suka yi tsawo a ƙofofin bankuna, aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Mai kuɗi a asusu ya koma yana lallashin ma'aikaci a ba shi nasa.

Kafin a ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, bashin da Nijar ta kasa biya a kasuwar yankin ya haura biliyan 300. Su wa ke bin ta? Galibi bankuna, na gida da na maƙwabta. Takardun da ake ɗauka a matsayin dukiya mafi aminci a littafin banki su ne suka daina kawo ko dala. A watan Afrilun 2024 ƙasar ta koma kasuwar ta karɓo sama da biliyan 450 don warware abin da ya taru, amma darasin ya riga ya fito: banki na iya cika kowace ƙa'idar jari, siyasa ta hana shi tsabar kuɗi. Kuma hannun da ya rufe famfon shi ne hannun da ke shugabantar masu sa ido. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, don haka har gobe Dakar da Abidjan ke riƙe da ragamar bankunanta.

Ga mazaunin karkara, inda abin ya fi ciwo shi ne ƙananan asusan ajiya da bashi, domin su ne ke isa ƙauye. Manyansu, waɗanda ajiyarsu ko bashinsu ya kai biliyan 2, suna ƙarƙashin idon BCEAO da hukumar ta Abidjan. Sauran kuwa hukumar ARSM ta Yamai ke kula da su. A 2018 aka sanya Asusu SA, wanda ya fi kowanne girma a ƙasar, ƙarƙashin shugabancin riƙo, masu ajiya suka sha zarya. Akwai asusun lamuni na yankin da ke biyan diyya idan cibiya ta rushe, amma yana da iyaka: sefa 1,400,000 ga mai ajiya a banki, 300,000 ga mai ajiya a ƙaramin asusun da ke cikin tsarin. Wanda ya sayar da shanu biyu ya zuba kuɗin wuri guda ya riga ya wuce wannan iyaka, kuma da wuya a ce an taɓa gaya masa ranar da ya buɗe asusun.

Adashe da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ba su cikin wannan lissafi sam. Amanar juna ce jarinsu, ita ce kuma mai gadinsu.

Sannan ga naira. A Madarunfa, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ita ce jijiyar kasuwa, kuma ciniki da kuɗi biyu ake yin sa. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 naira ta faɗo daga kusan 460 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500, alhali sefa na ɗaure da yuro. Ɗan kasuwar da ya ci bashi da sefa, ya sayar da wake ko dabbobi da naira, ya ga ribarsa ta narke a hannun ƴan canji. Bashinsa kuwa bai ragu da ko tamma ba. Haɗa da ambaliyar daminar 2024, wadda Maraɗi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, da ƴan bindigar da ke kore dabbobi suna satar mutane a Madarunfa da Gidan Runji, za a gane dalilin da ya sa bashin noma da kiwo ke maƙalewa.

Matsalar tsaron tana da wata fuskar da ta shafi masu sa ido kai tsaye. Kuɗin fansa da na satar shanu suna neman hanyar shiga tsarin kuɗi, shi ya sa aka tsaurara dokar yaƙi da halatta kuɗin haram, ake matsa wa bankuna da shagunan aika kuɗi su tantance abokan hulɗarsu, su kai rahoton abin da suke zargi ga hukumar CENTIF. Matakin yana da hujja, amma nauyinsa kan faɗa kan tsohuwar da ba ta da katin ɗan ƙasa, wadda dole ta nemi wani ya karɓar mata.

A ƙarshen watan Satumban 2025 BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI, wanda ke ba da damar tura kuɗi nan take tsakanin banki, waya da ƙananan asusai a faɗin yankin. Ga ɗan ci-ranin da ke Abidjan ko Lome, sauƙi ne babba idan cibiyoyin Nijar suka shiga sosai. Ga ƴan damfarar da ke bugo waya suna cewa sun yi kuskuren turo kuɗi, ko suna neman lambar sirri da sunan kamfani, shi ma sauƙi ne, domin kuɗin da suka fita cikin daƙiƙa goma sun riga sun tsallaka iyaka kafin mai su ya isa ofishin da zai kai ƙara a Maraɗi.